Jirgin ruwan Bahar Rum da rangwame: yadda 'yan unguwa za su shirya tafiya har garin mahaƙa na La Unión

Daga Janairu zuwa Maris ne kamfanonin jiragen ruwan shaƙatawa na Turai suka fi karya farashi. A lokacin za ka ga talla na yawo a waya: kwana bakwai a Bahar Rum, ci da sha da wurin kwana, a kan kuɗin da wani lokaci ba zai kama maka otal na kwana huɗu a Barcelona ba. Rangwamen ba ƙarya ba ne. Sai dai adadin da ke jikin talla ba shi za ka biya ba, kuma wanda ya tura kuɗi kafin ya san matsayin bizarsa, arhar za ta zame masa tsada. Wannan jagora na mutanen da ke son tafiya a ƙungiyance ne, maƙwabta ko 'yan ƙungiyar gari, mazauna Turai ko masu tasowa daga gida. Na ɗauki hanya guda a matsayin misali: jirgin da ke tsayawa a Cartagena, kudu maso gabashin Sifaniya, inda za ku sauka ku hau jirgin ƙasa da kanku zuwa La Unión, tsohon garin haƙar dalma da azurfa.

Mataki na farko: ku san ku nawa ne, kuma wane fasfo kowa ke riƙe

Kafin a duba farashi, a zauna a rubuta sunaye. Mutum ɗaya ya riƙe takarda, wani daban ya riƙe kuɗi, kuma duk abin da ya shiga a sanar a zauren WhatsApp na tafiyar. Yawan ku yana da amfani, domin kamfanoni da dama suna ɗaukar ɗaki takwas, wato mutum 16, a matsayin ƙungiya, su ba da farashi na daban, wasu har su yafe kuɗin gadon mutum ɗaya. Tun ranar farko ku yanke ko wannan rarar za a raba wa kowa ne ko ta jagoran tafiya ce, don irin wannan ƙaramin abu ne ke ɓata zumunci.

A tambayi kowa abu uku. Wane fasfo gare shi, yaushe zai ƙare, kuma yana da takardar zama a wata ƙasar Turai? Dokar yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da ke amfani da biza guda, na neman wa'adin fasfo ya wuce ranar fita da wata uku, amma yawancin kamfanonin jirage wata shida suke so, don haka a yi aiki da shida. Matan da ke da juna biyu su sani cewa galibin jirage ba sa ɗaukar wadda cikinta zai shiga mako na 24 kafin tafiya ta ƙare. Yaron da zai tafi da uwa kaɗai ko uba kaɗai, a nemo masa takardar amincewar ɗayan.

Mataki na biyu: biza, kuma ita ce ke yanke komai

Mai fasfon Najeriya, Nijar, Ghana, Kamaru, Chadi ko Sudan yana buƙatar bizar Schengen, sai idan yana da izinin zama a ɗaya daga cikin ƙasashen yankin. Zama a Birtaniya ba ya wadatarwa. Mazaunin Landan mai koren fasfo sai ya nema kamar kowa. Kuɗin biza yuro 90 ne ga babba tun Yunin 2024, ban da na kamfanin da ke karɓar takardu. Ana iya nema tun saura wata shida a tafi, kuma dole a haɗa da inshorar lafiya da za ta iya biyan aƙalla yuro 30,000.

Ga inda mutane ke tuntuɓe. Ana neman biza ne a ofishin jakadancin ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta. Idan kwanakin sun zo daidai, sai ƙasar da za ka fara shiga. Jirgin da ya tashi daga Barcelona, ya tsaya a Cartagena da wata tashar Sifaniya, sannan ya leƙa Faransa da Italiya na yini ɗaiɗai, bizarsa ta Sifaniya ce. Na biyu, ku karanta jerin tashoshin da kyau. Idan akwai Tunis, ko Tanja da Kasabalanka na Maroko, ko wata tashar Turkiyya, jirgin ya fita daga Schengen ke nan, kuma komawa ciki na buƙatar biza mai shiga fiye da sau ɗaya, ban da abin da ita waccan ƙasar za ta nema. Ma'aikatan tasha ba sa sauraron "ai ba zan sauka a can ba". In takarda ba ta cika ba, a bakin jirgi za a tsayar da kai, kuma kuɗinka ya tafi. Ga masu tafiyar farko, shawarata ita ce ku zaɓi hanyar da ba ta fita daga Sifaniya, Faransa da Italiya.

A shekarun nan sama da kashi 40 cikin 100 na 'yan Najeriya masu neman bizar Schengen ana hana su. A ƙungiyar mutum 16 masu tasowa daga gida, ku sa a rai cewa wasu ba za su samu ba. Saboda haka kada a sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito. A biya kafin alƙalami a kan farashin da ke ba da damar fasawa ko sauya suna, a karɓi takardar tabbaci daga kamfani a kai ofishin biza da ita.

Mataki na uku: neman rangwame

Arhar tana zuwa ta ƙofa huɗu. Akwai ta lokacin saye, wato farkon shekara da kuma ƙarshen Nuwamba. Akwai ta lokacin tafiya: Afrilu, Mayu, Oktoba da Nuwamba sun fi Yuli da Agusta sauƙi nesa ba kusa ba, ga shi zafin kudancin Sifaniya a Agusta ba na yawo a kan tsauni ba ne. Akwai ta ɗaki: na ciki marar taga shi ne mafi arha, kuma idan ka bar wa kamfani ya zaɓa maka inda ɗakin zai kasance, farashin na ƙara sauka. Illar wannan ga 'yan unguwa ita ce za a iya watsa ku bene daban-daban, wani ma ya faɗa ƙarƙashin gidan rawa. Mai jiri a ruwa ya biya ƙarin, ya zaɓi tsakiyar jirgi a benen ƙasa-ƙasa, inda tangaɗi ya fi sauƙi.

Ƙofa ta huɗu ita ce ta minti na ƙarshe, makonni kaɗan kafin tashi, lokacin da kamfani ke neman cike ɗakunan da suka rage. Wannan ta mazaunin Barcelona ko Milan ce mai takardu a hannu. Mai jiran biza ya manta da ita.

Kamfanonin MSC da Costa su ne aka fi sani da sauƙin farashi a yammacin Bahar Rum, kuma sukan yi tayin da yara ke kwana a ɗakin iyaye a biya musu harajin tasha kaɗai. Amma ba kowane jirgin mako-mako ne ke tsayawa a Cartagena ba. Da yawa Marseille, Genoa da Civitavecchia ta kusa da Rum suke zagayawa. A shafin kamfani ko na dillali, ku tace bincike da sunan tashar. Ku kuma lura da kyau, akwai wata Cartagena a Kolombiya da jiragen yankin Karibiyan ke zuwa, kuma shafukan kan jera su wuri ɗaya. Da kun samu jirgin, ku duba awa nawa zai yi a tashar. In bai kai awa bakwai ba, zuwa La Unión zai zama gudu-gudu, gara a nemi wani.

Mataki na huɗu: lissafin gaskiya

A ce talla ta ce yuro 399. Wannan kuɗin mutum ɗaya ne bisa sharaɗin mutum biyu a ɗaki. Wanda ya ce shi kaɗai zai kwana zai biya kusan ninki biyu, don haka a haɗa gwagware biyu-biyu tun da wuri. Sai a tambayi dillali a rubuce ko harajin tashoshi na ciki. Sai tukuicin ma'aikata, wanda ba ganin dama ba ne kamar yadda sunan ke nunawa: kullum ake ɗora shi a asusunka, kuma yakan haura yuro 10 a kan kowane babba. In an ɗauka 12 ne, kwana bakwai ya zama 84, mata da miji 168.

Abinci a babban ɗakin cin abinci da wurin ɗiba-da-kanka yana cikin kuɗin. Lemon kwalba, ruwan gora da kofi na musamman ba sa ciki. Za a yi ta tallata muku kunshin abin sha, wanda tsadarsa ta giya ce. Ku tambayi na marasa giya, ko ku bar shi gaba ɗaya ku riƙa cika gora. Intanet ma sayarwa ake yi. Abin da ya fi cin mutane ba su sani ba shi ne waya: da jirgi ya yi nisa da gaɓa, wayarka na kama layin tauraron ɗan'adam na jirgin, wanda ba ya cikin dokar Tarayyar Turai ta kira da farashin gida. A kashe data da zarar an ɗaga anga, a kunna in an iso tasha.

A ƙarshe a ɗora kuɗin jirgin sama, da otal na dare ɗaya a garin tashi. Wannan daren ba almubazzaranci ba ne. Mai tasowa daga Kano ko Abuja ta Istanbul ko Alƙahira, jinkirin awa uku ya isa ya sa ya tarar da tasha wayam. Idan an tara duka, a raba cikon kuɗin wata-wata kamar adashe, a kuma rubuta ranar da kamfani ya sa ta kammala biya, domin wuce ta na iya jawo soke ɗaki da asarar kafin alƙalami.

Mataki na biyar: zama a cikin jirgi

Ranar shiga za a ba kowa kati. Shi ne makullin ɗaki, shi ne kuɗi, shi ne shaidar fita da shiga. Kafin jirgi ya tashi za a yi atisayen ceto, kuma ba a ɗaga wa kowa ƙafa. An tsaurara wannan doka bayan hatsarin Costa Concordia a tsibirin Giglio a Janairun 2012, inda mutum 32 suka rasu.

Batun halal a rubuta shi tun lokacin saye, kada a bari sai an zauna a tebur. Ko ba a samu nama ba, kifi, taliya, shinkafa, ƙwai da ganye ba sa yankewa; a dai riƙa tambayar ko an sa giya a miya ko a kayan zaƙi. Akwai gidan caca da mashaya a kusan kowane jirgi, amma babu mai tilasta ka bi ta wurin. Salla a ɗaki ake yi, kuma da yake jirgi na juyawa, alƙiblar asuba ba lallai ta zama ta la'asar ba. Talabijin ɗin ɗaki yakan nuna taswira da inda jirgi ya dosa.

Mataki na shida: ranar Cartagena

A nan ne kuɗi ke tsira. Yawon da jirgi ke shiryawa da motarsa yakan ci yuro gommai a kan kowane mutum, alhali Cartagena na cikin tashoshin da ba a buƙatar mota ko kaɗan, don jirgi na tsayawa ne a bakin gari. Kuna saukowa, ga dandalin majalisar gari, ga gidan wasan Rumawa da aka gano a 1988 a ƙarƙashin tsofaffin gidaje. Ku bar shi sai kun dawo.

Ku nufi ƙaramar tashar jirgin ƙasa da ke dandalin Bastarreche, tafiyar kamar kwata a ƙafa. Mutanen gari har yanzu FEVE suke kiran layin, ko da yake Renfe, kamfanin jiragen ƙasa na Sifaniya, ke tafiyar da shi, kuma tasharsa daban take da babbar tashar da ake hawa zuwa Murcia. Jirgin da ke zuwa Los Nietos shi za ku hau. Ƙasa da rabin awa kun isa La Unión, kuma tikitin zuwa da dawowa 'yan yuro kaɗan ne. Garin na da tasha fiye da ɗaya. Ku sauka a wadda ke bayan tsohuwar kasuwa. Tun kuna Cartagena ku ɗauki hoton jadawalin dawowa, domin jiragen Asabar da Lahadi ba su kai na sauran ranaku yawa ba.

Ku zauna kusa da taga. Gidaje na ƙarewa sai tsaunuka su bayyana da launin da ba na ƙasar Allah ba: ja, rawaya, toka-toka, wani wurin kamar an zuba tsatsa. Ga dogayen bututun hayaƙi na bulo tsaye ba rufi, ga turakun ƙarfe da ke ɗauke da ƙafar injin da a da ake zura mutane cikin rami da ita. Layin dogon kansa don ma'adinai aka shimfiɗa shi a 1874.

Haƙa a wannan tsauni ta girmi garin da shekaru dubu biyu. Mutanen Kartaj, waɗanda birninsu ke Tunisiya ta yau, su suka kafa Cartagena wajen shekara ta 227 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma azurfar yankin na cikin abin da ya riƙe yaƙinsu da Rum. Da Rumawa suka ƙwace, masanin tarihi Polybius ya ce mutum 40,000 ke aiki a ramukan. Sai wurin ya yi shiru na ƙarnuka, har zuwa wajen 1840 da aka sake rububin dalma. Talakawa suka yi ta kwararowa daga Andalus, musamman Almería. Ƙauyukan El Garbanzal da Herrerías suka ɓalle daga Cartagena a 1860, suka kama rigima a tsakaninsu, sai a 1868 aka raɗa wa garin suna La Unión, wato haɗin kai. Ramin ƙarshe an rufe shi a 1991.

Tsohuwar kasuwar da za ku fara gani, mai ƙarfe da gilashi, an kammala ta a 1907, lokacin da kuɗin dalma ke zuba. Yau ba a sayar da tumatir a cikinta. A nan ake yin gasar waƙoƙin mahaƙa ta flamenko, salon waƙar kudancin Sifaniya, duk watan Agusta, gasar da aka fara a 1961, kuma babbar kyautarta fitilar mahaƙa ce. Waƙoƙin na kukan ma'aikata ne, na duhun rami da ƙurar da ke cin huhu da albashin da ba ya isa. Daga nan ku taka zuwa Casa del Piñón, gidan wani attajirin ma'adinai da yanzu ya zama ofishin majalisar gari, sannan gidan tarihin haƙa, inda ake ajiye fitilun kabaid da kayan aiki da samfurin duwatsu.

Babban abin kallo yana kan tsauni, a filin da aka keɓe don tarihin haƙa: ramin Agrupa Vicenta, mai zurfin mita 80, da manyan ɗakuna da aka sassaƙe aka bar ginshiƙan dutse suna tallafe da rufi, da tafki mai jan ruwa a ƙasa. Da jagora ake shiga, da hular kwano, a rukuni mai iyaka. Irin wannan wuri akan rufe shi don gyara, wani lokaci na dogon lokaci, don haka mako biyu kafin tafiya jagoranku ya rubuta wa ofishin yawon buɗe ido na La Unión, ya tambayi ko a buɗe yake, ya kama wa ƙungiya lokaci na safe. A guji Litinin, ranar da gidajen tarihi da yawa a Sifaniya ke hutu. A sa takalmi rufaffe, a ɗauki riga mai kauri ko da waje na zafi. Dattijo mai ciwon gwiwa da mai tsoron matsatsi su zauna a gari su sha shayi, ba su yi asarar komai ba.

Yara kuwa a riƙe hannunsu. Tarin ƙasar nan mai kyawun launi sharar wankin ma'adinai ce, akwai dalma da sauran guba a ciki. Wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba sai an yi masa dogon bayani ba. Kada a bari su yi wasa da ƙasar, kada a kwaso dutse a aljihu, a wanke hannu kafin a ci abinci, kuma kada kowa ya bar hanyar da aka shata, don tsaunin cike yake da tsofaffin rijiyoyin haƙa.

In rami a rufe yake, ku ɗauki tasi zuwa Portmán, bayan tsaunin ta gefen teku. Tasha ce tun zamanin Rumawa. Daga 1957 zuwa 1990 kamfanin haƙa ya riƙa tura sharar wankinsa ta bututu kai tsaye cikin ruwa, kusan tan miliyan 60, har mashigin ya cike, gaɓa ta matsa gaba da ɗaruruwan mita. A ganina wannan wurin ya fi ramin faɗin gaskiyar abin da haƙa ke bari. Ku yi ciniki da mai tasi ya jira ku, don samun wata a can ba tabbas.

Abincin rana yana son kula. Michirones, waken da ake yi wa baƙi tayi, da naman alade ake dafa shi. Kofin da suke alfahari da shi, asiático, akwai giya a ciki duk da yana kama da kofi da madara. Abin da za ku nema shi ne caldero, shinkafa da aka dafa a romon kifi, ko marinera, ɗan busasshen burodi mai kwaɗon dankali da ƙaramin kifi a sama. Kalma biyu sun ishe ku: sin cerdo, ba alade, sin alcohol, ba giya. Yankin na da 'yan Maroko da yawa, saboda haka shagon halal ba ya wuya a Cartagena. Kantuna kan rufe daga wajen ƙarfe biyu zuwa biyar.

Mataki na bakwai: komawa kan lokaci

Jirgi yana jiran motar yawon da shi ya shirya in ta makara. Ku da kuka fita da kanku, ba zai jira ku ba. Lokacin da ake so kowa ya kasance a ciki yakan zama rabin awa kafin tashi, kuma ana rubuta shi a bakin ƙofar fita. Dokar da za ku kafa ita ce a bar La Unión saura awa uku, a kan jirgin ƙasan da akwai wani a bayansa in an rasa shi. Rarar lokacin a kashe ta a gidan wasan Rumawa, inda kuna hango jirginku.

A ƙirga kai a kowace tasha. Mutum 16 ba sa tafiya da sauri ɗaya, don haka a raba su huɗu-huɗu, kowane rukuni da mai waya a kunne. Kowa ya fita da katin jirgi, da fasfo ko takardar zama, da takardar shirin yini da ake sakawa a ɗaki, domin a jikinta ake buga lambar wakilin jirgi na tashar. Wanda aka tafi aka bari, wannan wakilin zai kira, kuma kuɗin cim ma jirgi a tasha ta gaba daga aljihunsa zai fito.

Daren ƙarshe kowa ya buɗe asusunsa a talabijin ɗin ɗaki ko a manhajar kamfani ya bi shi layi-layi. Kuskure a teburin karɓar baƙi ake gyara shi tun ana cikin jirgi. Bayan an sauka sai wasiƙa da jira. Jirgin saman komawa kuma kada a sa shi kafin azahar, don fitar da dubban mutane da kayansu daga jirgi ɗaya yakan cinye safiya.